Zanen Waya a Kafaɗar Dogo

Ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba Mai Gyara ya buɗe shagonsa da safe, ya tarar da ƙofar baya a wangale, iska tana kaɗa ta. Bai duba akwatin kayan aiki ba. Idonsa ya tafi kai tsaye kan ƙarfen da yake rataye keke idan zai yi masa aiki. Babu komai a kai.

Jiya da yamma a nan ya bar keken 'yarsa Auta. Ya cire wili biyun ya wanke, ya rataye su a bango su bushe. Ga su nan, da tayoyinsu masu faɗi da haƙora. Amma firam ɗin, wato gangar jikin keken, da kai da sirdi da sarƙa, ya yi ɓatan dabo. Kwana biyu ya rage a yi tseren laka, irin tseren da ake zagaya fili mai ciyawa da rairayi da kwata, mahayi ya hau inda ake iya hawa, inda ba a iyawa ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya ruga. Auta ta yi wata huɗu tana shirinsa.

Kafin ƙarfe takwas 'yan ƙungiyar keke sun cika ƙofar shagon. Ba a fasa kwaɗo ba, kuma kowannensu ya san ana ajiye makulli a ƙarƙashin bulon da ke gefen famfo. Saboda haka kowa yana magana yana kallon na kusa da shi ta gefen ido.

Maigadin layin ya ce da asuba ya hangi wani dogon mutum a filin bayan shago, da keke a kafaɗa. A bakin ƙofar baya kuma ga sawun taya siriri kamar ɗan yatsa, irin na keken kwalta. Shi ke nan magana ta haɗu. Dogo ne mai tseren kwalta, shi ne ya fi kowa tsawo, kuma makon jiya Auta ta yi masa dariya a gaban mutane, ta ce da shi da kekensa duk tsoron laka suke. Aka ce ya zo ta titin gaba a kan kekensa, ya rataya firam ɗin a kafaɗa, ya fice ta baya.

Da Dogo ya iso, wani ya ja wuyan rigarsa. Ga wani jan zane siriri a kan kafaɗarsa ta hagu, fatar ta ɗaye, sabo fil.

"Ina ka je da asuba?" in ji Shugaban ƙungiya.

"Ban ɗauki keken kowa ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Dogo ya sunkuyar da kai.

Shugaba ya dubi agogonsa. "Ƙarfe biyar na yamma za mu zauna. In keken bai fito ba, za mu soke sunanka daga ƙungiya, mu miƙa ka ga 'yan sanda."

Wanda aka kora da sunan sata ba ya sake shiga tsere a ko'ina. Dogo ya san haka, kowa ma ya sani.

* * *

Mai Gyara ne ya aika aka kira Malamin Daji, wani dattijo da ya yi shekara talatin yana bin sawun ɓarayin itace da dabbobin da suka ɓata kafin ya ajiye aiki. Ya zo da sandarsa, yana duban sama, domin hadari ya fara sake haɗuwa.

"Kowa ya ja baya daga ƙofar nan," ya ce. "Kun riga kun tattake rabin labarin da takalmanku." Ya juya wajen Auta, wadda ta kasa tsayuwa wuri ɗaya, tana ta kai da komo tsakanin famfo da ƙofa. "'Yata, ni na san sawun barewa da na jaki, amma keke duk ɗaya ne a idona. Mene ne ya raba naki da nasa?"

"Malam, ai ko makaho zai gane." Ta jawo keken Dogo da aka jingine. Ta nuna gwafar gaba, ƙarafa biyun da tayar gaba ke juyawa a tsakaninsu. "Sa yatsanka nan, tsakanin taya da ƙarfe."

Ya gwada. Ko ɗan ƙaramin yatsa bai shiga ba.

"Nawa yatsu uku ke shiga, gaba da baya, don laka ta sami wurin wucewa. Gindin fedar nawa ya fi na wannan tashi daga ƙasa, don kada ya riƙa dukan tudu. Ya kuma ɗan fi tsawo daga wili zuwa wili, shi ya sa ba ya rawa a santsi."

"Sai kuma me?"

Ta shafa sandar sama, wadda ta taso daga ƙarƙashin sirdi zuwa kan keken. "Ka ga wayar birkinsa ta ƙasan sandar ta bi. Tawa ta sama aka bi da ita, kuma ƙasan sandar a baje yake kamar tafin hannu, saboda nan ne ke zama a kafaɗa."

Malamin Daji ya ɗan jima yana shafa wayar da babban yatsansa. Ya fita ta ƙofar baya a hankali, yana bin gefen sawun, Auta na biye da shi.

Sawun ya bi ta ciyawa, ya shiga wani kwari mai jar laka, irin mai danƙo da ke cire wa mutum takalmi. Akwai busasshiyar hanya ta gefe, amma mahayin bai bi ta can ba. Dattijon ya ƙirga taku arba'in daga farkon lakar zuwa ƙarshenta. Tayar ta zame nan da can, amma ko sau ɗaya mahayin bai sa ƙafa a ƙasa ba.

A bakin kwata sawun tayar ya yanke, sawun ƙafa ya bayyana ta hagunsa. Taku uku ne na gudu, sai tsalle, sai taku biyu a ƙetare, sai taya ta ci gaba har ta hau kwalta ta ɓace. Ya auna takun da sandarsa. Duk inda ƙafar hagu ta taka, takun ya gajarta.

"Wa ya iya sauka daga keke yana gudu, bai tsaya ba?"

"Ni," in ji Auta. "Sai Kawuna mai walda, shi ya koya mini. Amma shi shekara tara rabonsa da keke, tun da gwiwarsa ta lalace."

Ɗigon ruwa ya faɗo a kan hular dattijon. Ya dubi sama, ya ɗaga ƙafa da sauri.

* * *

Maigadi yana zaune a kan benci yana gyangyaɗi. Malamin Daji ya zauna kusa da shi.

"Mutumin da ka gani, daga ƙofar shago ya fito?"

"A'a, can ƙarshen fili, wajen bishiyoyin nan."

"Keken da ya saɓa, da wili ko babu?"

Maigadi ya sosa kai. "Kai, ranka ya daɗe, da wili. Har na ga na baya yana dukan gadon bayansa. Ya ruga ya faɗi, ya tashi ya sake rugawa. Na ce ko dai aljanu ne suka taɓa shi."

"Me ya sa ba ka faɗa musu haka ba?"

"Ai ba wanda ya tambaye ni. Da na ce dogo, sai suka watse suka bar ni da sauran maganar a baki."

Daga nan dattijon ya sami Dogo a bayan shago, zaune a kan tsohuwar taya.

"Ɗana, nuna mini kafaɗar."

Dogo ya ja rigar. Malamin Daji ya duba zanen, ya duba bayan rigar, inda baƙin man sarƙa ya yi shati.

"Kwana nawa kana koyon gudu da keke a kafaɗa?"

Dogo ya ɗago da sauri. "Kwana biyar. Malam, don Allah kada ka faɗa. In Auta ta ji, har in mutu ba za ta daina yi mini dariya ba."

"Ka gwammace a kira ka ɓarawo da a yi maka dariya?"

"Na ɗauka keken zai fito kafin yamma."

"Shi keken ka gaya masa haka?" Dattijon ya miƙe yana dafa sanda. "Kada ka wanke kekenka, kada ka sake riga."

Kafin ya fita ya leƙa wajen Mai Gyara, ya nuna tarin tsofaffin wili da ke kusurwa. "Ƙirga mini waɗannan."

Mai Gyara ya ƙirga sau biyu, ya tsaya da hannu a ƙugu. "Biyu babu. Sirara, na keken kwalta. Ni ko lura ban yi ba."

* * *

Shagon Kawu mai walda yana ƙetaren filin, tafiyar rabin sa'a a ƙafa. Ƙarfe uku ta wuce lokacin da Malamin Daji ya isa, ƙafafun wandonsa sun jiƙe. Kawu ƙanin mahaifiyar Auta ne, gajere mai faɗin ƙirji, wanda a zamaninsa ba a taɓa wuce shi a tseren laka ba. Yana ta share bencin da ya riga ya share.

"Malam, an kama yaron?"

"Ƙarfe biyar za a kore shi."

Tsintsiyar ta tsaya. "Yau? Na ɗauka sai an gama bincike."

"Shugaba ya gama nasa tun da safe."

A jikin bango an rataye firam biyar a jere, duk an kankare fentinsu an fesa musu fenti ruwan toka, ba wili, ba kai, ba sirdi. 'Yan ƙungiya biyu sun zo nan da hantsi suna cigiya, sun kalle su sun wuce, domin keken Auta kore ne shar. Malamin Daji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. A na ukun ya tsaya. Ya tura hannu cikin gwafar gaba, ya shafa ƙasan sandar sama, ya taɓa 'yan ƙananan maƙalan waya da ke bisa sandar.

"Ara mini wannan zuwa yamma."

"Ba a gama shi ba, Malam. Fentin ma bai bushe ba."

"Ba hawa zan yi ba. Darasi zan ba mutane, kuma kafaɗata ta tsufa. Ko za ka ɗauko mini?"

Kawu ya dube shi, ya dubi firam ɗin. Ya sauke shi, ya zura hannun dama ta cikinsa, ya ɗora a kafaɗa cikin motsi ɗaya, ba tare da ya duba ba. Suka kama hanya, ƙafarsa ta hagu tana ɗan ja.

* * *

Ƙarfe biyar saura kaɗan kowa ya hallara a bayan shagon Mai Gyara. Shugaba ya buɗe littafin sunaye, ya cire murfin biro.

"Ka ɗan dakata mini, ranka ya daɗe," in ji Malamin Daji. "Abu uku zan nuna, ba zan ci lokaci ba. Dogo, hau kekenka ka bi ta cikin lakar can, gefen wancan sawun."

Dogo ya hau ya shiga. Taku takwas, tara, goma, sai laka ta cushe tsakanin taya da gwafa, wilin gaba ya ƙi juyawa, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a gefe. Wani ya fashe da dariya, ya yi sauri ya rufe baki.

"Wancan sawun taku arba'in ya yi ba tsayawa," in ji dattijon. "Tayar siririya ce, gaskiya ne, amma firam ɗin da ke ɗauke da ita mai faɗin gwafa ne. Ba a kafaɗa aka fitar da keken Auta ba. An ɗauki tsofaffin wili biyu a kusurwar shago aka sa masa, aka hau shi aka tafi."

Mutane suka fara gunaguni. Shugaba ya ce, "To kafaɗar fa?"

"Shi ne na biyu. Dogo, saɓa kekenka yadda ka saba."

Dogo ya tsaya yana kallon Auta. Sannan ya ɗaga keken ya ɗora a kafaɗar hagu, yana yamutsa fuska. Wayar birki ta kwanta daidai cikin jan zanen, sarƙa ta kwanta daidai kan baƙin shatin da ke rigarsa.

"Keken laka ba shi da waya a ƙasan sanda," in ji Malamin Daji. "Ko wuni ya yi yana ɗauke da na Auta, ba zai yi masa wannan zanen ba. Abin da kuka kama shi da shi, shi ne shaidar cewa nasa ya ɗauka. Kwana biyar yana fitowa da asuba yana koyon tseren laka a ɓoye."

Auta ta juya ta zuba masa ido. Kunnuwan Dogo kamar su kama wuta.

"Na uku." Dattijon ya ɗauki firam ɗin ruwan toka daga inda Kawu ya jingine shi. "'Yata, ɗora wannan a kafaɗarki."

"Malam, wannan ai na..." Ta ɗora. Ta ɗan girgiza kafaɗa, sandar ta zauna a wurinta. Ta sauke shi, ta tura yatsu uku cikin gwafa, ta juya shi ta duba gindin feda, inda wata sabuwar walda ke ƙyalli ta ƙarƙashin fenti. Ta ɗago a hankali. "Kawu?"

Kawu ya cire hularsa, yana murɗa ta a hannu.

"Wanda ya ɗauke shi," in ji Malamin Daji da murya ƙasa ƙasa, "ya ga busasshiyar hanya ya bar ta, domin shi laka hanya ce a wurinsa. Ya zo kwata ya sauka da gudu ya tsallake, kamar yadda ya yi sau dubu. Kansa ya so ya ɓoye, amma ƙafafunsa ba su manta ba."

"Ni ne," in ji Kawu. Ya juya wajen Mai Gyara, mijin yayarsa. "Yaya, ka tuna watan jiya da ta faɗi, na yi wa gindin fedar walda? A nan wurin na tsaya, gaban kowa, na ce in waldar nan ta buɗe na bar sana'a. Jiya da ka wanke shi na leƙa, na ga tsaga kamar gashi. Da ta hau shi jibi, a tsalle na farko zai rabe da ita."

"Sai ka kasa buɗe baki ka gaya mini?"

"Na kasa, Yaya. Na ce in ɗauke shi da asuba, in sake waldar, in mayar da fentin, gobe ku tarar da shi a rataye. Gwiwata ba ta jure doguwar tafiya, shi ya sa na hau. Da na ji an kama yaron nan na ce gobe ai komai zai warware." Ya dubi hular da ke hannunsa. "Tun safe nake share benci ɗaya."

Mai Gyara ya karɓi firam ɗin, ya bi waldar da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da sifana yana saurare. "Wannan ta kama," ya ce. "Amma da ka faɗa jiya, da kunyar minti biyar ce. Yanzu dubi abin da ka jawo wa ɗan mutane."

Shugaba ya mayar da murfin biro. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito. "Dogo, sunanka na nan inda yake. Mun yi maka ba daidai ba, ni na fara. Ka yafe mu."

Dogo ya goge laka daga fuskarsa. Laka na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Kawu ya tako ya tsaya a gabansa, kansa bai kai kafaɗar yaron ba.

"Ɗana, ban da bakin da zan roƙe ka da shi. Amma tsohon kekena na laka yana nan ƙarƙashin buhuna, shekara tara. Ya yi maka gajarta, sai mun ɗaga sirdi har ƙarshe. In ka yarda, naka ne, kuma gobe da safe ni zan tsaya a bakin kwata in koya maka sauka."

Dogo ya shafa kafaɗarsa ta hagu. Sannan ya ce, "Shi ma da waya a ƙasan sandar?"

"Babu."

"To na yarda."

Ruwan da ya yi ta barazana tun safe ya sauko gaba ɗaya. Mutane suka ruga cikin shago. Malamin Daji ya tsaya a ƙofa yana kallon sawun taku arba'in ɗin yana narkewa. Dogo ya sunkuya ya ɗauki kekensa da laka ta cushe, tunda ba ya turuwa, ya ɗaga zai ɗora a kan ciwon.

"Kai, Dogo!" Auta ta ƙwala masa kira daga ƙofa, firam ɗinta rungume a ƙirji. "Kafaɗar dama ake sawa! Kwana biyar kana yi, ba wanda ya gaya maka?"